Tsatsa da Yoyon Ruwa a Tsohuwar Mota

Tsatsa da yoyon ruwa matsaloli ne biyu da ba a cika raba su ba a jikin motar da ta kwana biyu, domin kowace ɗaya ita ce ke haifar da 'yar'uwarta. Ruwan da ya sami kafa ya shiga ya kwanta ƙarƙashin kafet ko cikin ƙofa shi ne ke cin ƙarfe, wurin da tsatsa ta huda kuma shi ne ke zama sabuwar mashigar ruwa. Saboda haka gyaran da ya tsaya ga abin da ido ke gani a fenti, ba tare da an gano ta inda ruwa ke shiga ba, ba ya daɗewa.

Yadda tsatsa ke samuwa

Tsatsa tana samuwa ne idan baƙin ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin a wurin da akwai danshi. Saɓanin alminiyam, wanda ke yi wa kansa siririn lulluɓi mai hana ci gaban lalacewa, tsatsar ƙarfe tana kumbura, tana ɓarewa, tana kuma riƙe ruwa kamar soso, don haka ba ta tsayawa sai ta cinye abin da ke ƙarƙashinta. Kaurin falankin bodin mota bai cika kai milimita ɗaya ba, wannan ne ya sa hujewa ba ta da wuya. Gishiri yana hanzarta lamarin ƙwarai. A Turai da Amurka ta Arewa ana watsa gishiri a kan tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, shi ya sa motocin hannu da ake shigowa da su ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Legas sukan iso da fenti mai ƙyalli, amma ƙasansu ya riga ya ciwu. Iskar bakin teku ma tana ɗauke da gishiri, kuma motar da ta yi rayuwarta a Kano ko Damagaram takan fi wadda ta zauna a Legas lafiyar bodi, ko da shekarunsu ɗaya.

Masu ƙera motoci sun daɗe suna fama da wannan matsala. A 1980 kamfanin Lancia ya sayi motocinsa ƙirar Beta da yawa daga hannun masu su a Birtaniya saboda tsatsar da ta ci wurin da injin ke zaune, a 2008 kuma Toyota ya yi makamancin haka a Amurka game da shasin motocinsa ƙirar Tacoma na shekarun 1995 zuwa 2000. Babban sauyi ya zo ne da shafe falankin ƙarfe da tutiya, kamar yadda ake yi wa kwanon rufi, domin tutiya ce ke fara ciwuwa ta kare ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Porsche ya fara yin haka ga ilahirin bodin motarsa ƙirar 911 a tsakiyar shekarun 1970, Audi ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980. Motocin da aka tsara kafin wannan zamani, irin su Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, sun fi dogara ga fenti da kulawar mai su.

Ta inda ruwa ke shiga

Mutane da yawa suna zaton mota a toshe take ko'ina. Gaskiyar ita ce an ƙera ta ne ta yadda ruwa zai shiga wasu wurare ya fita ta hanyoyin da aka tanadar masa, kuma yawancin yoyo daga toshewar waɗannan hanyoyi yake farawa. Ƙofa misali ce mai kyau. Ruwan sama yana bin gilashi ya gangara cikinta, ya fita ta wasu ƙananan ramuka da ke gindinta, akwai kuma ledar da aka manna tsakanin ƙarfen ƙofar da marfinta na ciki don kada ruwan ya ratso ɗakin mota. Idan bakanike ya yage ledar garin gyaran injin ɗaga gilashi bai mayar ba, ko ƙurar hunturu ta haɗu da ruwan farkon damina ta zama taɓo ta liƙe ramukan, sai a riƙa jin ruwa yana kai da komowa a cikin ƙofa duk lokacin da aka taka birki.

Haka lamarin yake a kwarmin da ke gindin gilashin gaba, inda sandunan share ruwa suke. Motar da ake ajiyewa ƙarƙashin darbejiya tana tara ganye da 'ya'yan itace a wannan wuri, su ruɓe su toshe magudana, ruwan ya taru har ya bi ta kafar da iska ke shiga ya zuba a ƙafar fasinja. Motoci masu tagar rufi suna da siraran bututu, galibi huɗu, da ke bi ta ginshiƙan bodi, kuma idan ɗaya ya toshe sai tabo ya bayyana a silin. A bayan mota kuwa, robar marfin but da ta fitilu su ne abin zargi, ruwan kuma yakan taru a ramin safaya inda ba a cika dubawa ba. Zafin rana yana busar da duk waɗannan robobi har su tsattsage.

Ba kowace jiƙa ce daga sama take ba. Ruwa garau a gefen fasinja a lokacin rani yakan nuna cewa bututun da ke zubar da raɓar na'urar sanyaya mota ne ya toshe. Idan kuwa ruwan yana da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi, gilashi yana yin hazo mai maiƙo, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to ƙaramin lagireton ɗumama ɗaki ne ya fashe.

Hanyar gano yoyo ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada, haƙuri kawai take so. Ana ɗage kafet, mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya kuma ya riƙa zuba ruwa a hankali daga ƙasa zuwa sama, wuri ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ya fara daga rufi zai jiƙa ko'ina bai san inda ruwan ya bi ba. Barbaɗa hoda a inda ake tuhuma yana nuna sawun ruwan. Wajibi ne a fitar da soson da ke ƙarƙashin kafet a shanya shi, saboda yana iya riƙe ruwa makonni alhali saman kafet a bushe yake, kuma a motoci da yawa wayoyi da ƙwaƙwalwar mota a nan suke kwance.

Gyara

Tsatsar da ke saman ƙarfe kawai, irin wadda tsakuwa ke jawowa idan ta ɓare fenti, ana goge ta har sai farin ƙarfe ya fito, a shafa magani mai sinadarin fosforik wanda ke mayar da ragowarta baƙin lulluɓi, sannan a sa fentin farko a bi shi da na sama. Amma idan fenti ya yi ƙuraje, yawanci tsatsar daga ciki ta taso, kuma abin da ke ɓoye ya fi na fili girma. A nan magani ɗaya ne: a yanke ruɓaɓɓen wurin har zuwa lafiyayyen ƙarfe, a yi waldar sabon falanki, a kuma kare bayan waldar, wanda shi ne aka fi mantawa da shi. Kafin walda ana cire kan batir, a nisanci tankin mai da bututunsa. Cike rami da ƙullin gyaran bodi, abin da wasu masu gyara ke yi don sauƙin kuɗi ko don a sayar da mota, rufa-rufa ce da ba ta cika wuce damina ɗaya ko biyu ba. Mai saye yana iya gane ta da maganaɗisu, domin ba ya kama inda ƙullin ya yi kauri.

Wurin da tsatsa ta ci ya fi girmanta muhimmanci. Rami a fiffiken taya muni ne kawai, amma a dogarin ƙofa, ko shasi, ko mariƙin shokozoba da bel ɗin kujera, ko bututun birki, batu ne na rai. A gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a Birtaniya, ruɓewa mai tsanani cikin tazarar santimita 30 daga irin waɗannan mariƙai tana kayar da mota.

Gilashin gaba da ke yoyo ya fi kyau a cire shi a duba bakin ƙarfen, a sake manna shi da gam ɗin da aka yi dominsa. Silikon na gini mai warin binega yana fitar da asid yayin bushewa, yana kuma ƙara cin ƙarfen da aka so karewa. Shafa kwalta a kan tsatsa ma yana kulle danshi a ciki. Fesa baƙin mai a ƙasan mota, wanda wasu direbobi suka saba da shi, yana rage tsatsa na ɗan lokaci, sai dai yana lalata roba yana tara ƙura. Kakin da ake fesawa cikin ƙofofi da dogarai ya fi shi aiki. Bayan an bi hanyar taɓo a wanke ƙasan mota da lungunan taya, ramukan ƙofa kuma a zokale su da tsinke kafin saukar ruwan farko.