Waiwaye: Yadda ƙirar maganaɗisun da ake ɗaurawa a jiki ta yi ta sauyawa

A 'yan shekarun nan, mai shiga kasuwar Sabon Gari ko mai duba tallace-tallacen da ke yawo a wayoyin mutanen Zariya zai iya cin karo da awarwaro, zobe, ɗamarar ƙugu da shimfiɗar cikin takalmi waɗanda ake cewa akwai maganaɗisu a cikinsu, kuma suna maganin sanyin ƙashi da ciwon baya, wani lokaci har da hawan jini. Kayan sababbi ne a idonmu, amma da'awar ta daɗe a duniya. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne maganaɗisun kansa, kuma akasarin sauyin daga masana'antun injuna da lantarki ya fito, likitanci bai taka rawa sosai a cikinsa ba.

Maganaɗisu na farko da ɗan Adam ya sani wani baƙin dutse ne mai jan ƙarfe. Likitan nan Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, ya yi ta ɗora shi a jikin marasa lafiya bisa zaton zai janyo cuta kamar yadda yake janyo ƙarfe. A 1600 William Gilbert, likitan Sarauniyar Ingila Elizabeth ta ɗaya, ya wallafa bincikensa a kan maganaɗisu, inda ya ƙaryata da yawa daga cikin camfe-camfen da ake jingina wa dutsen. Ban da haka, dutsen yana da nauyi, ƙarfinsa kaɗan ne, kuma ba ya sarrafuwa yadda zai zauna a jiki.

A ƙarni na 18 aka ƙware wajen mayar da ƙarfe maganaɗisu, kuma a nan ne batun ƙira ya soma. Wani limamin coci masanin taurari a birnin Viyana, Maximilian Hell, ya riƙa sa a ƙera faranta na ƙarfe daidai da siffar gaɓar da ke ciwo, kuma daga wurinsa wani likita mai suna Franz Mesmer ya karɓi dabarar a 1774. Kwamitin da Sarkin Faransa ya kafa a 1784, wanda Benjamin Franklin ke ciki, ya gano cewa abin da majinyatan da ake yi wa magani da dabarar Mesmer ke ji daga tunaninsu yake fitowa. Duk da haka kasuwar ba ta mutu ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ɗan kasuwa a Chicago mai suna C. J. Thacher yana sayar da huluna, riguna da shimfiɗar takalmi, kuma cikakkiyar suturarsa tana ɗauke da maganaɗisu ɗaruruwa. Yawan ba ado ba ne, larura ce: maganaɗisun ƙarfe yana da rauni, kuma idan aka yi shi gajere ko falle yakan zubar da ƙarfinsa da kansa, shi ya sa aka saba ganinsa dogo ko a lanƙwashe.

Ƙarni na 20 ya warware wannan matsala a hankali, kuma Jafan ce a gaba. Kotaro Honda ya samar da ƙarfen KS a 1917, Tokushichi Mishima kuma ya samar da MK a 1931, wanda ya buɗe hanyar alniko, haɗin alminiyom, nikel, kobalt da ƙarfe. Amma wanda ya fi shafar kayan sakawa shi ne wani nau'in ferait, wanda kamfanin Philips na Holan ya fito da shi a farkon shekarun 1950. Duk wanda ya taɓa ganin yara sun ciro baƙin zobe daga bayan tsohuwar sifikar rediyo suna jansa a cikin yashi har baƙar ƙurar ƙarfe ta taru a jikinsa, to ya san ferait. Yana da araha, ba ya tsatsa, kuma ana iya yin sa ƙarami falle ba tare da ya mutu ba. Da shi aka yi filastar Pip Elekiban da ta fito a Jafan a 1972, wato ɗan ƙwayar maganaɗisu a tsakiyar filasta da ake liƙawa a kafaɗa, sannan kamfanin Nikken da aka kafa a 1975 ya soma da shimfiɗar takalmi.

Da aka gano ana iya kwaɓa garin ferait da roba a yi shimfiɗa mai lanƙwasuwa, sai gasar kamfanoni ta koma kan yadda ake jera fuskokin maganaɗisun, ta arewa da ta kudu. Wasu suka jera su zobe cikin zobe, wasu murabba'i kusa da murabba'i, wasu kuma suka dage cewa fuska ɗaya ce kawai ya kamata ta kalli fata. A nan akwai abin da masu talla ba sa faɗa: idan aka jera fuskokin bi da bi kusa da juna, ƙarfin yakan taru a saman shimfiɗar amma ya dushe da sauri, ta yadda 'yan milimita kaɗan daga fata kusan babu abin da ya rage, alhali gaɓar da ke ciwo tana can ciki.

Babban juyi ya zo tsakanin 1982 da 1984, lokacin da Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo da John Croat na General Motors, kowa da hanyarsa, suka samar da maganaɗisun niyodimiyom, wato haɗin sinadarin niyodimiyom, ƙarfe da boron. Injuna da kwamfutoci ne suka fara cin moriyarsa, amma shi ya ba da damar a dasa ƙwaya ƙarama a bayan kowace gaɓa ta awarwaro, ya fito kamar kayan ado. Sai dai ya zo da nasa aibin, domin yana saurin tsatsa, yana fashewa idan ya bugu, kuma nau'insa na yau da kullum yana soma rasa ƙarfi idan zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Salsiyas. Saboda haka ake lulluɓe shi da nikel da tagulla, a dasa shi cikin ƙarfen da ba ya tsatsa, taitaniyom ko silikon. Wannan ya fi damun mai saye a Zariya fiye da na ƙasar sanyi, domin hannun da ke zufa a watan Afrilu kuma ake wanke shi a kowace alwala yana saurin cinye rufi mai arha. Da zarar rufin ya ɓare sai jan tsatsa ya fito a gefen ƙwayar, wasu kuma nikel ɗin kansa yakan sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje a wuyan hannu.

Lambar da ake rubutawa a kwali ma, wato gaus da ake auna ƙarfin maganaɗisu da shi, tana bukatar lura. Sau da yawa gaus 12,000 ko fiye da ake gani ma'aunin ƙarfin da ke cikin sinadarin ne, ba wanda ke isa fata ba, wanda ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ita kuwa da'awar cewa maganaɗisu yana jan ƙarfen da ke cikin jini ba ta da tushe, domin ƙarfen jini ba ya cikin yanayin da ake ja. Da haka ne, da na'urar hoton jiki ta MRI, mai gaus 15,000 zuwa 30,000, ba ta shigu ba.

A ganina, ci-gaban ƙirar gaskiya ne, amma hujjar warkarwa ba ta biyo shi ba. Wani ƙaramin gwaji a Kwalejin Likitanci ta Baylor a 1997 ya nuna sauƙin ciwo ga masu fama da ragowar shan inna, kuma har yau shi ake yawan kafa hujja da shi. Amma nazarin da masu bincike Pittler, Brown da Ernst suka yi a 2007, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, bai sami tasiri mai ƙarfi ba, haka kuma gwajin Jami'ar York na 2013 a kan masu ciwon gaɓoɓi bai ga bambanci tsakanin madaurin maganaɗisu da na bogi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai hawan jini ya ajiye maganinsa saboda awarwaro. Ƙarfin niyodimiyom kuma ya ƙara girman wasu haɗurra: yana iya rikita na'urar daidaita bugun zuciya da ake dasawa a ƙirji, shi ya sa ake shawartar masu ita su nisanta maganaɗisu da aƙalla santimita 15, kuma idan yaro ya haɗiye ƙwaya biyu da suka ɓalle daga sarƙa, suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi, abin da ke bukatar a garzaya asibiti ko da yaron bai nuna alamar ciwo ba.