Waiwaye: Yadda Aka Kwashe Ƙasar Ƙauyen Buakonikai

A tsibirin Rabi na ƙasar Fiji akwai wani ƙauye da ake kira Buakonikai, mutanensa masunta ne da manoman kwakwa, amma harshensu da raye-rayensu ba na Fiji ba ne. Sunan ƙauyen ma tahowa da shi aka yi daga wani wuri mai nisan kimanin kilomita 2,000, wato tsibirin Banaba da ke tsakiyar Tekun Fasifik, kusa da Nauru, inda asalin Buakonikai ya zauna a kan tudu cikin inuwar itatuwa. Wannan ƙauye na farko babu shi a yau, domin ƙasar da ya zauna a kanta an haƙe ta an loda a jiragen ruwa.

Banaba ƙaramin tsibiri ne wanda faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 6 ne, kuma ƙauyuka huɗu ne a cikinsa: Tabwewa da Tabiang da Uma da Buakonikai. Ba shi da kogi ko rafi, saboda haka ruwan sama ake tarawa, idan kuma fari ya tsananta sai mata su shiga kogunan da ke ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ake kira bangabanga, su rarrafa cikin duhu su ɗebo ruwan da ya taru a ciki. Wani fari da aka yi a shekarun 1870 ya hallaka mafi yawan jama'ar, ta yadda a farkon ƙarni na 20 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Kowane yanki na fili yana da mai shi, mace ko namiji, kuma gado ake yi, babu wani sarki da ke da ikon sayar da filin wani.

Wajen shekarar 1900 wani ma'aikacin kamfanin Pacific Islands Company mai suna Albert Ellis ya gwada wani dutse da ake tokare ƙofa da shi a ofishinsu na Sidni da ke Ostireliya, ya gano cewa fosfat ne mai inganci ƙwarai, wato dutsen da ake niƙawa a haɗa takin zamani irin wanda manomanmu suka sani da takin supa. Daga Nauru aka kawo dutsen, amma a lokacin Nauru tana hannun Jamus, sai hankalin kamfanin ya koma kan maƙwabciyarta, wato Banaba. A watan Mayu na 1900 Ellis ya sauka a Banaba, ya sa wasu dattawa suka dangwala hannu a wata takarda da ta bai wa kamfanin izinin haƙa na tsawon shekara 999 a kan fam 50 duk shekara. Takardar ta kira ɗaya daga cikinsu sarki, alhali ba shi da wannan iko, kuma da wuya a ce waɗanda suka sa hannu sun fahimci cewa ƙasar ce kanta za a ɗauke. A 1901 Birtaniya ta kafa tutarta a tsibirin, wanda Turawa ke kira Ocean Island.

Daga 1920 aikin ya koma hannun hukumar British Phosphate Commissioners, wadda gwamnatocin Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan suka kafa tare. Hukumar ba ta sayar wa ƙasashen nan fosfat a farashin kasuwa, sai dai a kan abin da aka kashe wajen haƙowa, saboda haka manoman alkama da makiyayan tumaki na Ostireliya da Niyu Zilan suka yi shekaru suna samun taki da arha. Daga cikin harajin da ake karɓa kuma ake gudanar da mulkin mallakar tsibiran Gilbert da Ellice baki ɗaya, waɗanda Birtaniya ta haɗa Banaba da su, masu filin kuwa 'yan kwabbai ake ware musu a kan kowane tan.

A nan ne labarin Buakonikai ya fi ɗaci. Fosfat mafi kauri yana tsakiyar tsibirin, daidai inda ƙauyen da gonakinsa suke, kuma wajen 1927 hukumar ta nemi ƙarin eka 150 a wannan yanki. Mutanen sun riga sun ga abin da haƙar ke bari: idan aka yashe ƙasar, abin da ke saura shi ne tsaitsayen duwatsu masu kaifi da ramuka a tsakaninsu, inda ba a shuka, ba a gini, ko tafiya ma ba ta yiwuwa. Sun kuma ga cewa alkawarin da aka yi musu a 1913 na sake dasa itatuwa bai haifar da komai ba. Don haka suka ce a'a. A watan Agusta na 1928 Razdan Arthur Grimble ya aika wa mutanen Buakonikai wasiƙa, inda ya jera musu abin da zai biyo baya idan sun amince da abin da zai biyo baya idan sun ƙi, har da barazanar rushe ƙauyen. Da suka dage, sai aka yi dokar da ta bai wa gwamnati ikon karɓar filin da ƙarfi, aka kuwa karɓe shi a 1931. Mutanen Banaba suna ba da labarin yadda mata suka rungume itatuwansu don kada a sare su, har sai da aka ɓamɓare su. A ganina babu wata hujja da ta fi wannan wasiƙa nuna cewa jami'in da aka ɗora wa amanar kare mutanen shi ne ya tsaya wa masu haƙar.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarasa abin da haƙa ta fara. Sojojin Japan sun mamaye tsibirin a 1942, suka kwashe yawancin jama'ar zuwa tsibiran Nauru da Kosrae da Tarawa, sannan a Agustan 1945, bayan Japan ta riga ta miƙa wuya, suka harbe leburori fiye da ɗari da suka rage, mutum ɗaya mai suna Kabunare ya tsira ta hanyar ɓuya a kogo. Da yaƙi ya ƙare ba a mayar da mutanen gida ba. An ce musu gidajensu sun rushe, aka zuba su a jirgi zuwa Rabi, tsibirin da aka saya tun 1942 da kuɗin asusunsu na fosfat. Ranar 15 ga Disamba 1945 suka sauka, su kimanin 1,000, cikin daminar da ba su saba da irinta ba, aka ba su tantuna da ɗan abinci. A can suka kafa ƙauyuka huɗu suka raɗa musu sunayen na gida, kuma har yanzu duk shekara suna taruwa a wannan rana.

A 1971, ƙarƙashin jagorancin Rotan Tito, mutanen Banaba suka kai ƙarar hukumar haƙar da gwamnatin Birtaniya a Landan. Shari'ar ta ɗauki kwanaki fiye da 200 ana zama, kuma alƙali Megarry ya yarda cewa gwamnati ta gaza a haƙƙin da ke wuyanta, amma ya ce ba irin amanar da kotu za ta iya tilasta cikawa ba ce. Diyyar rashin dasa itatuwa 'yar kaɗan ce, daga baya gwamnatocin uku suka ba da dalar Ostireliya miliyan 10 a matsayin kyauta. An daina haƙa a 1979, bayan an kwashe kimanin tan miliyan 20, a shekarar ce kuma Kiribati, wato tsibiran Gilbert na da, ta sami 'yancin kai da Banaba a cikinta, duk da cewa mutanen tsibirin sun nemi a raba su da ita. Tsarin mulkin ƙasar ya tanadar musu kujera a majalisa, ya kuma tabbatar musu da mallakar filayensu ko da suna zaune a Fiji.

Mutum ɗari uku da 'yan kai ne ke zaune a Banaba yanzu, a gefen teku cikin tsofaffin gidajen hukumar da tsatsattsun injuna, kuma a 2021 sun yi watanni cikin ƙishirwa bayan injin tace ruwan teku ya lalace. A 2023 maganar haƙa ta sake tasowa, lokacin da wani kamfanin Ostireliya ya nemi gwada ragowar fosfat da ke cikin tsaitsayen duwatsun, amma dattawa da matasan Rabi suka tashi tsaye suka ce ba a shawarci masu filin ba, aka jingine batun.