Ƙararrawar coci a Ingila: me ya sa gyaranta ke cin kuɗi, kuma wa ke biya?

Wace irin ƙararrawa ake magana a kai?

Jeri ne na ƙararrawa shida, takwas, wani lokaci har goma sha biyu, rataye a hasumiyar coci, kowace da muryarta. Mutum ɗaya igiya ɗaya. Ana jan igiyar, ƙararrawar ta wulwula baki sama, ta yi cikakken zagaye ta komo, masu kaɗawa suna ta sauya jerin bugun bisa lissafi. Hasumiyoyi irin waɗannan sun haura 5,000 a Ingila.

To me ke lalacewa a jikin tagulla?

Ita kanta tagullar tana da ƙarko, sai ta yi ɗaruruwan shekaru. Amma ƙarfen da ke bugunta daga ciki wuri ɗaya yake sauka kullum, har ya ƙwaƙule mata rami. In ba a juya ta bugun ya koma sabon gefe ba, wata rana sai ta tsage. Ga katakon da ke ɗauke da ita yana ruɓewa, ƙarafan juyawa suna cinyewa. Nan kuɗin ke tafiya: a sauko da abin da ya kai tan ɗaya ko fiye ta ƙaramar kafa a bene, a kai masana'anta, a daidaita murya, a mayar.

Su wa ke wannan aiki?

Sun yi ƙaranci, abin takaici. Masana'antar Whitechapel da ke Landan ta rufe a 2017, babbar da ta rage ita ce John Taylor a garin Loughborough. Ita ta zuba ƙararrawa 12 na babban cocin St Paul da ke Landan a 1878, kuma wurinta aka mayar da su gyara a 2018.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Ƙaramin cocin ƙauye shi ke ɗaukar nauyin gininsa, don haka sai an buɗe gidauniya. Mata su toya kek su sayar, ƙungiyar masu kaɗawa ta gunduma ta ba da tallafi daga asusunta, a nemi agajin asusun adana kayan tarihi. Wasu iyalai kan ɗauki nauyin sabuwar ƙararrawa sukutum, a zuba sunan mamacinsu a jikinta. Kafin a taɓa komai kuwa, sai hukumar cocin yankin ta ba da izini.

Me zai hana a sa lasifika kawai?

A ganina hakan asara ce babba. Lasifika ba ta koya wa yaro riƙon igiya, kuma hasumiyar da ta daɗe shiru masu kaɗawarta watsewa suke yi. Shi ya sa ya kamata a fara horar da sababbin hannu tun ana cikin tara kuɗin.