Waiwaye: Makon Craven da ƙwayoyin kumbura jiki

A Afirka ta Kudu ana ta cece-kuce kan yaran sakandare masu wasan zari-ruga da ke shan ƙwayoyin kumbura jiki. A Makon Craven, gasar zari-ruga ta 'yan sakandare da ake yi duk shekara, gwaji ya kama yara shida a 2018 kaɗai. Amma maganar ta samo asali tun da daɗewa.

Danie Craven, wanda gasar ta ci sunansa, ya buga wa ƙasarsa wasa 16 daga 1931 zuwa 1938. A 1947 ya koma Jami'ar Stellenbosch yana jagorantar sashen ilimin motsa jiki, ya zama farfesa, ya kuma shugabanci hukumar wasan ta ƙasar daga 1956. Ya rasu a 1993.

Da aka fara gasar a birnin East London na Afirka ta Kudu a 1964, ba kofi, ba zakara. Larduna su kawo yaransu, a yi mako guda ana wasa. Wasan rufewa kuwa na waɗanda suka fi ƙayatar da 'yan kallo ne, ko da ba su ne suka fi cin maki ba. Tunanin malamin motsa jiki ke nan: yaro ya koyi gudu, miƙa ƙwallo da karanta fili.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1974, lokacin da aka fara zaɓar tawagar makarantun ƙasa daga cikin 'yan gasar. A takarda ba abin da ya canja. A fili kuwa, biki ya koma jarrabawa. Yaro wasa uku kawai zai buga, a ciki za a yanke masa hukunci. Mai zaɓe da ke gefen fili ba zai iya auna basirar ɗan shekara 17 cikin kwana biyar ba. Abin da ido ke fara gani shi ne faɗin kafaɗa da wanda ya ture wani. Da aka halatta biyan 'yan wasa a 1995, sai zaɓen ya zo da kwantiragi da tallafin karatu, dillalan 'yan wasa suka cika wurin.

To, idan yaro ya sha ƙwayar don ya yi girman da masu zaɓe ke nema, tsoka tana kumbura cikin makonni, jijiya da ƙashi ba sa bin ta da wannan saurin. Shi ya sa jijiyar gwiwa ko ta kafaɗa ke tsinkewa. A jikin da bai gama girma ba, ƙwayar tana iya rufe bakin ƙashi ta tsayar da tsayi, ta taɓa hanta da zuciya. Wanda aka kama kuma yana iya shan dakatarwar shekara huɗu.