Waiwaye: Yadda Aka Koya Wa Kyamara Barci

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ko Sabon Gari a 'yan shekarun nan ya ga kyamarori maƙale a saman shaguna, wasu da ɗan farantin sola a ka kamar malafa. Tambayi mai shago, ba hoton zai yi maka kuka da shi ba. Kukansa batir ne: kafin assalatu ya mutu, ɓarawo kuwa ba da hantsi yake zuwa ba. Wannan ciwon kai ya girmi kasuwar sola ta Kano nesa ba kusa ba.

Asalin abin na soja ne. A shekarun 1950 rundunar ruwan Amurka ta shimfiɗa na'urorin saurare a ƙasan teku, tsarin da ake kira SOSUS, don bin sawun jiragen ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyet. Su waɗannan waya ce ta haɗa su da gaɓar teku, ba ruwansu da zancen batir. Wajen 1980 DARPA, hukumar binciken fasaha ta ma'aikatar tsaron Amurka, ta fara ɗaukar nauyin bincike kan na'urori barkatai masu magana da juna, amma injinan lokacin ƙatta ne. Sai a ƙarshen shekarun 1990, a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Kris Pister ya zo da tunanin na'urori 'yan mitsi-mitsi da za a watsa kamar ƙura. A 2001 aka gwada a sansanin soja na Twentynine Palms da ke Kalifoniya: jirgi marar matuƙi ya zubo wasu a bakin hanya, suka haɗa kansu ta rediyo, suka riƙa gane wucewar motoci ta maganaɗisu.

Ranar da aka yanke waya, ranar aka shiga hannun batir. Nan aka fahimci cewa aika saƙo ta rediyo ya fi yin lissafi a cikin na'urar cin wuta, har ma zaman sauraro kawai yana zuƙe batir.

Zuwan kyamara ya ƙara dagula lissafi. Na'urar auna zafi lamba ɗaya take aikawa ta yi shiru. Hoto kuwa kaya ne, ga hanyar siririya: ƙa'idar rediyon ƙananan na'urori ta 2003, mai suna IEEE 802.15.4, iyakarta kilobit 250 a daƙiƙa. In ka aika hoton, batir ya tafi. In ka ce kyamarar ta tace shi da kanta, nan ma ya tafi, gaba kura baya sayaki. Sannan kyamara ba kunne ba ce, inda ta fuskanta kaɗai take gani.

Mafitar da aka samu, duk wanda ya taɓa kwana kusa da masu gadin kasuwa ya san ta. Ba kowa ke kwana ido biyu ba. Ɗaya na farke, in ya ga abin da bai yarda da shi ba ya busa usur, na gaba ya tashi. A 2005 masu bincike a jami'ar Massachusetts da ke Amherst suka fito da SensEye, tsari mai hawa-hawa: ƙananan kyamarori marasa cin wuta su ke gadi, sai sun ga motsi su tada manyan. Fitilar nan ta ƙofar gida da ke kama kanta in mutum ya gifta, 'yar'uwar wannan dabara ce.

Bin sawu ya fi haka wuya, domin abin da ake bi ba tsaye yake ba. Wa za a tasa, kuma yaushe? Nan aka koma ga lissafin da masanin lissafi Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, lissafin da aka yi amfani da shi a tafiyar kumbon Apollo zuwa wata. Daga inda mutum yake da saurinsa, ana hasashen inda zai ɓulla, a tada kyamarori biyu ko uku na can, na baya su koma barci. Ɗaya ta zama shugabar rukuni, sauran su aika mata lambobin wuri maimakon hoto, in mutumin ya yi gaba ta miƙa wa wata ragama. In barcin ya yi nauyi a rasa sawu, in ya yi sauƙi batir ya ƙare. Yawancin rubuce-rubucen wannan fanni, a ganina, ciniki ne kawai tsakanin waɗannan biyun.

Sai dai hasashen ya fi kyau a fili, inda mutum ɗaya ke tafiya miƙe. Kawo shi lungunan Kwari ana saura kwana uku Sallah: ɗan dako da dila a ka ya tare wanda ake bi, mai baro ya ratso, mutum goma sanye da farar shadda iri ɗaya. Motsi ba ya yankewa, don haka babu kyamarar da za ta runtsa. Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, yana tsofar da batir tun kafin lokacinsa. Hunturu kuma na zuwa da nasa: ƙura ta lulluɓe farantin sola da idon kyamarar a tare, har sai an sami yaron shago ya hau tsani da tsumma.