Tarbiyyar Mutunta Halin Yaro a Tsakanin Hausawan Sudan

Tarbiyyar mutunta halin yaro hanya ce ta renon 'ya'ya wadda iyaye ke ɗaukar kowane ɗa a matsayin mutum mai ɗabi'arsa da baiwarsa da ra'ayinsa, maimakon a matsa masa sai ya yi halin mahaifinsa ko na yayansa. Iyaye ba sa sakin linzami, sai dai suna auna horo da yanayin wanda ake yi wa.

A binciken da Alexander Thomas da Stella Chess suka fara a Amurka a 1956, sun nuna cewa jarirai na zuwa duniya da ɗabi'u mabambanta: akwai mai sauƙin kai, akwai mai wuyar sha'ani, akwai kuma wanda ba ya sakin jiki sai a hankali. Bahaushe ya daɗe da lura da haka, shi ya sa ya ce hali zanen dutse, ko da yake shi ne kuma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsakanin waɗannan maganganu biyu wannan tarbiyya take. Hatta laƙabin gida yana ware yaro daga 'yan'uwansa, kamar Tanko, wanda ya biyo bayan mata, da Gambo, wanda ya biyo bayan tagwaye.

A Sudan lamarin ya fi nauyi, saboda yaron yana tashi ne da harsuna biyu. Hausawa sun zauna a ƙasar ta hanyar tafiya aikin hajji, da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 tsakanin Turawan Ingila da Sarkin Musulmi Attahiru, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu kuma noman auduga a Jazira ne ya tsayar da su. Yaron da aka haifa a Gadarif ko Kasala yana jin Hausa a tsakar gida, yana karatu da Larabci a makaranta, a waje kuma ana iya kiransa Fallata ko Takari, sunayen da wani lokaci ake furtawa da raini. Iyayen da suka hana shi Hausa don kada a gane asalinsa sun raba shi da kakanninsa, waɗanda kuma suka tsangwame shi don harshensa ya karkata ga Larabci sun manta cewa a nan aka yanke masa cibiya.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu, abin da ya shafi al'adar riƙo kai tsaye. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya hana fifita wani ɗa da kyauta, Annabi (SAW) kuma ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba.

A ɓangaren doka, Sudan ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, ta kuma yi dokar yara a 2010. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya ba yaro damar faɗin ra'ayinsa kan abin da ya shafe shi, sashe na 30 kuma ya kare harshen 'ya'yan tsirarun ƙabilu.

Inda aka fi samun cikas shi ne kunyar ɗan fari. Uwar da al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta, balle ta zauna hira da shi, da wuya ta san abin da ke ransa, don haka a gidaje da yawa kaka ce ko goggo ke jin damuwar yaron, ta isar da ita ga iyayensa.