Yawan ƙara girma ba shi ne ingancin gilashin leƙawa ba

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Jidda da Makka masu sha'awar duban wata sun daɗe suna ɗauka cewa gilashin leƙawa na madubin hangen nesa, wato ƙaramin gilashin da ake ɗora ido a kansa, ya fi daraja idan ya fi ƙara girman abu. Shi ya sa idan suka je kasuwar gwanjo suke rububin mai lamba 4.

Lambar da ke jikinsa nisan tattara haskensa ce a milimita, wato tazarar da ke tsakanin gilashi da inda haske ke haɗuwa wuri ɗaya, kuma ana gane yawan ƙarin girman ne ta hanyar raba nisan tattara hasken madubin da ita. Madubi mai nisan milimita 900 yana ƙara girma sau 36 da gilashi mai lamba 25, sau 225 kuma da mai lamba 4. Sai dai madubin da faɗin bakinsa milimita 70 ne ba ya ba da hoto mai kyau bayan kusan sau 140, domin hasken da yake tarawa yana da iyaka. Abin da ya wuce haka dishi-dishi ne kawai, wata kuma ya riƙa ficewa daga gani da sauri.

A gwanjo, abin dubawa shi ne ko kaurinsa ya dace da bututun madubinka, yawanci inci 1.25, sannan a haska shi da tocila don a ga ko akwai ƙura ko fumfuna a jikinsa. Ƙura tana gogewa, amma fumfunar da laimar Jidda ke haifarwa tana cin siririn shafen da ke kan fuskar gilashin, kuma wannan ba ya gyaruwa.